Takwas Sau Huɗu

Saura minti goma a tashi, ana ɗaya da ɗaya, hoto ya ƙame. Ɗan wasa guda ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe, ƴar da'irar nan ta hau juyawa a tsakiyar tele. Mu goma sha ɗaya ne bisa benci biyu da tabarma guda, ba mai motsi. Can sai ihu ya tashi daga gidan maƙwabta, masu parabol a kan rufi. Daga ihun kaɗai ba ka iya sanin wa ya ci, don a daren nan unguwa rabe take biyu. Presidan na fadarmu ya aje butar shayi, ya juyo gare ni sannu a hankali.

"Injiniya, mi ya hwaru?"

Lahadi ce, 11 ga Fabrairu 2024, wasan ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kodibuwa. Ƙwallon da muka ji da kunne ita ce ta Sébastien Haller a minti na 81, wadda ta ba Kodibuwa kofi. Ba mu gan ta ba sai bayan an tashi, a salular wani yaro.

Ni kuwa ba injiniya ba ne, ƴan uwa. Ilimin harshe nake karantawa, kuma har gobe in fitilar ɗakinmu ta mutu sai na nemo mai gyara. Ga yadda sunan ya same ni.

Fadarmu tana Harobanda, ƙofar gidan hayar da muke zaune ni da ɗan kawuna. Huɗu daga cikinmu ɗalibai ne, sauran akwai tela, akwai mai gadi, akwai ƴan kabu-kabu biyu. Da Kofin Afirka ya matso muka yi tarbace, jika uku-uku. Aka sayo ɗan akwatin Android da ake liƙa wa tele, da wifi na aljihu, da abonema wajen wani mutum a kasuwa. Presidan ya ba da aron batiri da fano, tun da lokacin Najeriya ta yanke mana wuta tun watan Agusta 2023 saboda takunkumin CEDEAO. Mena ba ta je gasar ba, don haka kowa ya ari ƙasa. Wasu suka bi Najeriya don dangi da Ahmed Musa, ko da yake benci ya sha har aka gama. Wasu suka ce ba su goyon wanda ya bar su cikin duhu, suka bi Kodibuwa, suka manta ita ma da hannunta cikin takunkumin. Kar in ɓoye kuma, abonema ɗin nan na bayan fage ne. Tashoshi fiye da yadda mutum zai iya ƙirgawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kowa ya san da walakin, ba wanda ya tambaya.

Mai abonema ya aiko mini saƙo ta WhatsApp, layi uku: sunan shiga, lambar sirri, sai layi na uku an rubuta DNS, gabansa wani dogon adireshi. Ranar na fara ganin haruffan nan. Na kwafe su cikin akwati, hoto ya fito, aka yi tafi.

Kwana uku ana kallo, hoto ya fara sarƙewa. Na shiga YouTube neman magani, na faɗa kan wani saurayi yana bayani da Faransanci wai duk mai wannan matsala ya canza DNS ya sa 8.8.8.8, an gama. Na laluba cikin saitin akwatin na samu gurbin, na danna takwas sau huɗu. Wasan ranar ya tafi sumul. Tela ya ce, "Kai, ashe injiniya gare mu cikin fada ba mu sani ba!" Na yi ɗan murmushi irin na wanda ya saba. Ban gaya wa kowa ban san abin da na taɓa ba. Ban kuma lura ba cewa wasan na rana ne, tsakanin ƙasashe biyu da ba su dami kowa ba.

Da aka kai zagayen kusa da na ƙarshe sarƙewar ta dawo. Na kira mai abonema, ya ce takwas-takwas ta tsufa, ya turo mini wata lamba, ya ce wannan "ta musamman" ce. Don in nuna ƙwazo, ban sa ta cikin akwati kawai ba. Na shiga cikin wifi ɗin kansa na sa ta, yadda duk wanda ya hau zai sha daga gare ta. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Daren ƙarshe kun ji yadda ya kasance. Presidan bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Babban ɗan kabu-kabunmu ne, mutumin Dakoro, wanda nake ce wa Yaya, ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce, "Ƙanena, jika ukun nan wuni guda na yi cikin rana kahin in same su." Ya hau babur ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kunya ce ta sa ni karatu. Sati biyu na bar darussa suna jira ina bin wannan abu, kuma abin da ya ba ni haushi shi ne, da na gane shi sai na tarar a gonarmu yake: maganar suna ce da abin da ake kira da sunan.

Na'urorin intanet ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace tana da adireshi na lambobi, irin 8.8.8.8 ɗin nan. Mu kuwa mutane suna muke riƙewa. A farkon zamanin, kundi guda ne ake ajewa a wata cibiyar bincike ta Kalifoniya, ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta, kowa ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa kundi ya gagara, sai a 1983 wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara DNS, aka rarraba aikin hawa-hawa. Akwai na'urorin tushe, masu sunaye goma sha uku daga A zuwa M, su ne suka san wanda ke riƙe da .ne ta Nijar, ko .ng ta Najeriya, ko .com. Mai riƙe da .ne shi ya san wanda ke riƙe da kowane suna da ke ƙarƙashinsa. Salularka ba ta bin wannan tsani da kanta. Wani take aike, ya bi ya tambayo, ya kawo mata lamba, ya kuma riƙe amsar na ɗan lokaci don mai tambaya na gaba. Wannan ɗan aike shi muke canzawa in mun ce mun canza DNS. In ba ka taɓa kome ba, na kamfanin layinka kake aike ba ka sani ba.

Na daɗe ina neman sunan da zan ba shi da Hausa. Da farko na ce tafinta, tun da yana juya suna zuwa lamba. Daga baya na ga bai zauna ba, na koma ga mai kwatance. Ku tuna yadda ake neman gida a Maraɗi ko Damagaram. Ba mai ce maka titi kaza lamba kaza. Suna kake zuwa da shi, gidan Alhaji wane, ka tsaya wajen mai shayi ko mai faci, ya ce bi nan, ka wuce masallaci, ƙofa ta uku mai dalbejiya. Aikinsa ke nan.

Da ka ɗauke shi a haka, wautata ta fito fili. Mai kwatance ba ya goya ka. In ya nuna maka hanya ya gama nasa. Yashi ne, cunkoso ne, babur ɗinka ne ba mai, duk ba ruwansa. Tambayar DNS ƴar ƙarama ce, cikin ƙiftawar ido ake amsa ta, galibi tun kafin hoto ya fara. Hoton kansa ta wata hanya yake kwararowa. Na zauna na yi lissafi: hoto matsakaici yana son kamar megabit 3 kowace daƙiƙa. A awa guda giga ɗaya da ɗan kai ke nan, wasa guda da hutunsa da surutun ƴan jarida ya doshi giga uku. Duk wannan ta cikin iska zai biyo, daga eriyar unguwa zuwa ɗan wifi na aljihu, ƙarfe tara na dare, lokacin da Harobanda duka take kan rezo, kuma mu goma sha ɗaya kowa salularsa na maƙale da wifi ɗin yana aika wa abokai tsiya. Can ɗaya bakin kuma na'urar masu abonema ce, wadda Allah kaɗai ya san mutum nawa suka rataya a wuyanta a daren. Ko lambar wa na sa, ƙafar ɗan wasan nan sai ta tsaya a sama. Shi ma ihun maƙwabta da ke riga mu, ba laifin DNS ba ne. Hoton intanet gutsure-gutsure ake yanka shi, akwati ya tara kaɗan kafin ya nuna, shi ya sa kullum yana bayan na parabol da daƙiƙoƙi masu yawa.

Na kuma gano cewa ni da mai abonema kalma guda muke faɗi, abu biyu muke nufi. DNS ɗin da ke layi na uku na saƙonsa ba mai kwatance ba ne, adireshin shagonsu ne, wato sunan gidan da ake nema. Haka masu wannan sana'a suke kiransa ko'ina. A matsayina na ɗalibin harshe ba zan ce sun yi kuskure ba, kalma tana zamewa daga abu zuwa maƙwabcinsa, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo a bakinmu. Amma wannan zamewar ta sa mutane da yawa suna ɗauka cewa DNS shi ne inda hoto yake fitowa, don haka in hoto ya tsaya shi za a canza.

To, ke nan zaɓen mai kwatance aikin banza ne? A'a, kuma nan ne abin ya fara yi mini daɗi.

A aji an koya mana kalmomin da ma'anarsu ke rataye da inda mai magana yake tsaye. Hausa gwana ce a nan. Nân da murya mai faɗuwa kusa da ni ne, nan da murya sama kusa da kai ne, cân ga shi muna hange, can kuwa ya yi nisa. Kalmar ba ta da wuri nata sai an san wa ke magana, daga ina. Manyan masu tura hoto irin su YouTube da Netflix haka sunayensu suke. Ba rumbu guda gare su ba, rumbuna suka baza cikin birane da yawa, wasu ma cikin ɗakunan kamfanonin layi suke ajiye, kowane da kwafin hotunan da aka fi nema. In an tambayi sunan, amsar da yawancin irin waɗannan rumbuna ke bayarwa ta danganta da inda suke zaton mai tambaya yake. Kuma ba kai suke gani ba, ɗan aikenka suke gani. In ɗan aikenka yana zaune Legas ko Marsai, ana iya kwatanta maka rumbun da ke kusa da shi, alhali akwai wanda ya fi kusa da kai. Mu da ba mu da bakin teku, wayoyinmu na ƙarƙashin ƙasa sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ruwa, wannan ba ƙaramin zagaye ba ne.

Masu kwatance na duniya kowa da yadda ya ɓullo wa wannan. Na Google, mai takwas huɗu, wanda aka buɗe a Disamba 2009, yana tafiya da guntun adireshinka, ba duka ba, ya ce wanda ya aiko ni daga wajen kaza yake. Na Cloudflare, 1.1.1.1, da ya fito ranar 1 ga Afrilu 2018, ba ya faɗin wannan, don rufa asirin mai tambaya. Quad9, wato 9.9.9.9, wanda mazauninsa ke Suwis, shi ma ba ya faɗi, kuma in sunan da ka tambaya na ƴan damfara ne da aka sani, sai ya ƙi kwatanta maka; suna da wata lamba, 9.9.9.11, ga mai son a faɗi unguwarsa. Wato wanda ya fi rufa maka asiri yana iya kai ka rumbu mai nisa, wanda ya fi kai ka kusa kuma sai ya faɗi daga inda kake. Na kamfanin layinka ya fi kowa sanin inda kake tsaye, shi ya sa sau da yawa wanda muke raina ɗin nan, muke gaggawar cirewa, shi ne daidai ga kallo.

Na yi abin da aka koya mana a darasin binciken fili: na sayi kaye na dala ashirin, na ja layuka. Sati guda ina gwada huɗun nan, da asuba, da azahar, da tara na dare. Abin da na samu ba shi da armashi. Da asuba duka lafiya lau. Da tara na dare duka suna ɗingishi. Bambancin da na iya gani da ido a wajen buɗewa yake, YouTube ya ɗan fi saurin kamawa da na layinmu da na Google. Tashoshin mai abonema kuwa, ranar babban wasa, ko wa ka aika sai sun sarƙe. Ina cikin wannan, ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, rezo ya rikice a ƙasashe da dama. Ɗan kawuna ya leƙo ya ce, "Injiniya, a sa takwas mana." Na jefe shi da takalmi.

Akwai dai wurin da canza lamba ke aiki kamar yankan wuƙa, shi ne in mai kwatancen ne aka hana magana. A Turkiyya, cikin Maris 2014, da gwamnati ta toshe Twitter ta wannan hanya, mutane har a bango suka riƙa rubuta 8.8.8.8 da fenti. Amma shi ma na wajen ana iya kama bakinsa. A 2024 kotu a Paris, bisa ƙarar Canal+, ta umurci Google da Cloudflare da Cisco su daina kwatanta wasu shafukan satar wasanni ga mutanen Faransa. Cisco ya gwammace ya rufe OpenDNS ɗinsa a ƙasar baki ɗaya. In kuwa hanyar ce aka datse, kamar kwanaki goman nan da aka ɗauke intanet na salula a nan bayan zaɓen Fabrairu 2021, to ba kwatancen da zai fisshe ka.

Yanzu in koma ga lambar nan "ta musamman".

Wanda kake tambaya hanya kullum ya san inda kake zuwa. Bai san abin da ka yi cikin gidan ba, amma ya san gidan wa ka nema, da ƙarfe nawa, sau nawa. Kuma in ya ga dama ya kwatanta maka wani gida mai kama da wanda kake nema. Google da Cloudflare da Quad9 aƙalla sun rubuta abin da suke ajewa da tsawon lokacin, ana iya kama su da maganarsu. Lambar da na sa cikin wifi ɗinmu ba ta da suna, ba ta da fuska. Na neme ta, ba ta cikin sanannu. Fiye da wata guda duk salular da ta hau wifi na fada, baƙon nan take tambaya hanya. Cikinsu har da ta Yaya, wanda ke aika wa tsohuwarsa kuɗi Dakoro da manhajar salula. Na tuna wani dare tela ya nuna mini gargaɗi ya fito masa cewa shafin da zai shiga ba amintacce ba ne, na ce masa rezo ne, ya sake gwadawa. Gargaɗin nan shi ne ƙyauren ƙarshe: in an kai ka gidan da ba shi ba, takardar shaidarsa ba ta dacewa da sunan, salula ta yi kuka. Ni kuma na ce a yi banza da shi.

Ba wanda ya yi asarar ko dala. Na cire lambar cikin dare ba wanda ya gani, kuma na yi kwana tara ina gaya wa kaina cewa tun da ba abin da ya faru, ba abin faɗi. Hoton da ya tsaya kowa ya gani, an yi mini dariya an wuce. Wannan kuwa ni kaɗai na sani, kuma shi ne ainihin laifin.

Ranar ta goma na samu Presidan shi kaɗai yana hura gawayi. Na faɗa masa duka, da kwatancen mai shayi da kome. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wato baƙo ka aza bakin ƙohwa, kowa za shi hita sai ya gaya mishi inda za shi." Na ce haka ne, Presidan. Ya ce to da dare in maimaita gaban kowa, kuma kowa ya canza lambar sirrinsa. Na maimaita. Yaya bai ce uffan ba, ya miƙo mini salularsa. Na ɗauka so yake in gyara. Ya ce a'a, in nuna masa wurin, shi zai danna da hannunsa.

Na nuna masa. Tun daga Android 9 akwai wani gurbi cikin saitin rezo na DNS mai sirri, inda ake rubuta suna maimakon lamba, kamar dns.quad9.net ko dns.google ko one.one.one.one. Amfaninsa shi ne tambayar tana tafiya a rufe. DNS na gargajiya a buɗe yake tafiya, ko wa ka aika, duk wanda ke kan hanya yana iya jin abin da ka tambaya. Ya tambaye ni wanne ya fi. Na ce ga halin kowane, ban da wanda ya fi. Ya zaɓi na tara-tara, wai shi mai ƙin kai mutum gidan ɓarayi yake so. Wifi na fada na maida shi ga na layinmu, akwati ma haka. Abonema ya ƙare a watan Afrilu, ba wanda ya kawo maganar sabuntawa.

Wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ranar 1 ga Yuni, Real Madrid da Dortmund, a gidan maƙwabta muka kalle shi. Mu muka ɗauki bencinmu biyu, Presidan ya ɗauki butarsa. Ana cikin wasa iska ta taso ta ɗan girgiza parabol, hoto ya yi dishi-dishi. Mutum wajen ashirin suka juyo gare ni lokaci guda. Yaya ya ce, "Kar wanda ya ba shi rimot."